Hoto 100 na ɗauka amma ɗinkin ya ƙi kamawa: laifin manhaja ne ko nawa?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum. Ina neman taimakon waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Shekaranjiya da yamma na hau rufin wani dogon bene na ɗauki fanoramar da na daɗe ina buri, wato faffaɗan hoto guda da ake ɗinkawa daga hotuna da yawa: layi 4, kowane layi hoto 25, jimla 100. Kyamarar mai megafiksel 24 ce, mai cikakken sensa (girman fim na milimita 35), gilashi na milimita 200, na juya ta tsaye a kan ƙafa-uku. Minti 40 na yi ina ɗauka. Na zuba hotunan a Hugin, manhajar ɗinkin hoto, kwamfuta ta kwana tana aiki. Da na buɗe da safe sai da jikina ya mutu. Akwai wani ƙarfen eriya a rufin benen da ke gabana, ya karye gida uku kamar an sare shi an dasa a karkace. Sama ta fito rodi-rodi, nan haske can duhu. Wata farar mota ta fito sau biyu a titi ɗaya, wani bawan Allah kuma ƙafafunsa kawai suka fito. Ga shi kuma hoton ya ƙi ajiyuwa a JPEG. Hugin ce ba ta iya ba, in koma takwararta PTGui?

Tsohon Mai Hoto:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka bar jaki ka koma dukan taiki. Amsa min tambaya uku tukuna. Haske a hannunka yake ko ka bar wa kyamara ta zaɓa? A ina kyamarar take juyawa, a kan kusar da ke ƙarƙashinta? Nisan eriyar nan daga inda ka tsaya nawa ne?

Sabon Hannu:
Baba, ƙofar haske kawai na tsayar, na buɗe ta gaba ɗaya saboda rana ta yi sanyi, sauran na bar wa kyamara. Eh, a kan kusar ƙasa take juyawa. Eriyar ba za ta wuce mita 10 ba.

Tsohon Mai Hoto:
To ka ga ruwa ba ya tsami banza. Miƙa hannunka, ka ɗaga yatsa ɗaya saitin wani abu mai nisa. Rufe idon hagu, buɗe, rufe na dama. Yatsan ya yi tsalle, ko ba haka ba? Alhali ba ka motsa shi ba, wurin da kake kallo daga shi ne ya sauya. Abin da ya sami eriyarka ke nan. A cikin kowane gilashi akwai wani gurbi da za ka iya cewa daga nan yake kallon duniya. Leƙa gilashin ta gaba, ka tsuke ƙofar hasken, za ka hango 'yar ƙofar kamar tana reto a ciki. Inda ka hango ta, nan ne. Idan kyamara ta juya a kan wannan gurbi, na kusa da na nesa ba sa gocewa juna. Idan kuwa ta juya a kan kusar ƙasa, gurbin nan yana yawo hagu da dama, a hoto na 12 eriya tana gaban taga, a na 13 ta koma gefen taga. Yanzu ka gaya min, wace manhaja ce za ta ɗinke waɗannan biyun? In ta daidaita tagar, eriya ta karye. In ta daidaita eriya, taga ta karye.

Maganin shi ne kan fanorama mai layin zamewa, wanda ake tura kyamara gaba ko baya a kansa. Ka kafa sanda a kusa, ka saita ta da wani turke mai nisa, ka juya kyamara har su zo bakin hagu na hoton, ka sake juyawa su zo bakin dama. In sun rabu, matsa kaɗan ka sake. Inda suka daina rabuwa, sa alama a layin, ka rubuta a takarda. Kowane gilashi da nasa, mai zuƙowa ma kowane tsawo da nasa.

Malamar Lissafi:
Baba, na yarda da kai a kan eriya, amma ina jin tsoron kada sababbin shiga su karanta wannan su ɗauka ba a fanorama sai da kan juyi na musamman. Bari mu sa lamba a kai.

Gilashin milimita 200 a cikakken sensa yana ganin kusan digiri 10.3 a tsawo da 6.9 a faɗi. Ya juya ta tsaye, kenan fiksel 4,000 ne a cikin digiri 6.9, wato kusan fiksel 580 a kowane digiri. Idan kowane hoto ya hau kan maƙwabcinsa da kashi 30 cikin 100, kowane juyi digiri 4.8 ne. A ce gurbin da Baba yake magana yana santimita 10 gaba da inda kyamara take juyawa. Kowane juyi zai gusa shi da kusan milimita 8. A kan abin da ke nisan mita 10, wannan gocewar fiksel 28 ce, ido zai gani ƙarara. A kan abin da ke nisan kilomita 1 kuwa, ba ta kai sulusin fiksel guda ba. Babu mai gani.

Saboda haka wanda yake ɗaukar tsauni ko gari daga nesa, kuma babu komai a gabansa, ƙafa-uku na gama-gari ya ishe shi. Ni na sha ɗinka hoto 15 ko 20 da na ɗauka da hannu kawai, suka kama tsaf.

Tsohon Mai Hoto:
Malama, lissafinki bai bar ƙura ba. Sai dai ni abin da na gani shi ne, wuya ne ka sami wurin da babu komai a gabanka. Ko reshen itace, ko waya, ko bakin katanga, sai ka dawo gida za ka gan shi.

Malamar Lissafi:
Haka ne, Baba. Amma duba eriyar tasa. Ko da ya gyara juyi, da gilashin 200 wanda aka saita a kan nesa, abin da ke mita 10 dishi-dishi zai fito ko ya tsuke ƙofa zuwa f/8, wato matsakaiciyar buɗewa. Da ni ce, da na matsa taku biyar na fitar da ita daga hoton baki ɗaya.

Maganar JPEG kuma mai sauƙi ce, ƙanena. Faɗin fanoramarka kusan digiri 122 ne, tsayinta kusan 32. Ninka da 580, ka sami wajen fiksel 70,000 a faɗi da 18,500 a tsayi, kusan gigafiksel 1.3, wato fiksel biliyan 1.3. JPEG ba ya ɗaukar gefen da ya wuce fiksel 65,535. Tsarin fayil na TIFF na asali yana tsayawa a gigabait 4, naka kuwa in ka ajiye shi a bit 16 zai doshi gigabait 8. PSD, tsarin fayil na Photoshop, iyakarsa fiksel 30,000 a gefe. Abin da ya rage maka shi ne BigTIFF (TIFF na manyan fayiloli), ko PSB (PSD na manyan fayiloli) wanda yake kai wa 300,000.

Ɗan Manhaja:
Tunda an ɗora wa Hugin laifi, bari in kare ta. Hugin da PTGui 'yan gida ɗaya ne a asali, dukansu sun taso ne a kan Panorama Tools da Helmut Dersch, wani farfesa Bajamushe, ya fitar a 1998. PTGui ta fi sauri a manyan ayyuka, tana amfani da katin hoto na kwamfuta sosai, ba na musu. Amma lissafin tushe iri ɗaya ne, in ka ba ta hotuna masu gocewa, ita ma karyayyar eriya za ta ba ka.

Ya kamata mutum ya san abin da ke faruwa a ciki, don ya san inda zai sa hannu. Da farko manhaja tana neman ɗige-ɗige masu alama a kowane hoto, kamar kusurwar taga ko bakin dutse, ta nemi takwarorinsu a hoton gefe. Shahararriyar dabarar yin haka ita ce SIFT ta David Lowe na jami'ar British Columbia a Kanada, kuma shi da Matthew Brown ne suka nuna a 2003 cewa kwamfuta za ta iya gane hotunan da ke haɗuwa da juna ba tare da an jera mata ba. Daga nan sai a tace, a zubar da ɗigen da suka yi ƙarya, da dabarar RANSAC wadda ta fito tun 1981. Sannan a lissafa inda kowane hoto yake fuskanta, da yadda gilashin yake lanƙwasa layi, a gyara duka a lokaci guda. Ƙarshe a zaɓi hanyar da ɗinki zai bi, a narkar da bakin hotunan cikin juna. Enblend, manhajar narkarwar da Hugin take amfani da ita, tana bin dabarar Burt da Adelson ta 1983: manyan sauye-sauyen haske a narkar da su a fili mai faɗi, ƙananan bayanai kuma a siririn wuri, don kada su yi biyu-biyu.

Mota mai fitowa sau biyu da mutum mai rabin jiki duk a matakin ƙarshe suke. Buɗe shafin rufewa a Hugin, ka zagaye motar a hoto ɗaya ka ce a cire, ka zagaye mutumin a hoton da ya fito cikakke ka ce a bar shi. Aikin minti biyar ne. Shi ya sa nake ce wa mutane su bar kashi 30 na hawan juna, a wurin da ake zirga-zirga ma su ƙara, don a sami inda za a yanko.

Sabon Hannu:
Na gode ƙwarai, yayana. To saman fa? Ita ta fi ɓata min rai.

Tsohon Mai Hoto:
Cuta uku ce ta haɗu mata. Ka bar kyamara tana zaɓar saurin ɗauka, sai ta ga gini mai duhu ta ƙara haske, ta ga sama fayau ta rage. Ka buɗe ƙofa gaba ɗaya, a nan ne gefunan kowane hoto suka fi tsakiyarsa duhu, ka jera 25 a layi, dole ka ga rodi-rodi. Ta uku ita ce lokaci. Rana tana tafiyar digiri 15 a awa, a minti 40 ɗinka ta yi 10, kuma gab da faɗuwarta haske zubewa yake yi kamar ruwa a kwando.

Ga yadda nake yi. In auna wurin da ya fi ko'ina haske a faɗin fanoramar, in tsayar da saiti yadda ba zai ƙone ba, in kulle komai da hannu: ƙofa a f/8, saurin ɗauka, ISO (ƙarfin jin hasken sensa), ma'aunin farin launi, da saitin nisa. Wasu har salatif suke manna wa zoben gilashin don kada ya gusa. In ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil na kyamara, in wanke duka da saiti ɗaya. Gilashin rage ƙyalli da ake ɗaurawa a gaba, cire shi, domin ƙarfinsa yana sauyawa gwargwadon kusurwarka da rana, sai ya bar maka wani baƙin tabo a tsakiyar sama.

Ko NASA ba ta raina wannan ba. Fanoramar da motar Curiosity ta ɗauka a duniyar Mas a ƙarshen 2019, fiksel biliyan 1.8 daga hoto sama da 1,000, kwanaki aka yi ana ɗauka, amma kullum tsakanin 12 na rana da 2 a agogon can, don hasken ya zo ɗaya.

Ɗan Manhaja:
Baba, a nan zan ɗan ja da kai. Hugin tana iya auna bambancin haske da duhun gefe daga wuraren da hotuna suka hau juna, ta gyara da kanta. Kuma akwai lokacin da kulle haske yake cutarwa: fanoramar digiri 360 da rana a gefe ɗaya, inuwa mai duhu a ɗaya gefen. Saiti guda ba zai ɗauke su ba.

Tsohon Mai Hoto:
Tana gyarawa, amma abin da ya ƙone ya zama fari fat ba ta da inda za ta samo shi. A irin wurin da ka faɗa, hoto uku nake ɗauka a kowane matsayi, mai duhu, matsakaici da mai haske, duka da hannu. Aiki ya ninku uku, amma na san abin da na kawo gida.

Ɗan Manhaja:
Wannan kam na sallama.

Wani abu da ba a taɓo ba, ƙanena: layi-layi ka bi ko tsaye-tsaye? In ka bi layi daga hagu zuwa dama, hoton da ke saman wani ya girme shi da ɗauka 25, wajen minti 10 a naka. Girgije ya tafi, inuwa ta matsa. In ka bi tsaye, sama zuwa ƙasa sannan ka matsa, kowane hoto da maƙwabtansa ba su wuce minti biyu ko uku a tsakani ba, sauyin haske sai ya bazu a hankali daga hagu zuwa dama, ido ba ya kama shi. Kuma layin da yake sama zalla ba shi da ɗigon da manhaja za ta kama. Kada ka bar ta ta kama girgije, yana tafiya. Hugin tana da Celeste mai share irin waɗannan ɗige. Hotunan sama ka ba su matsayi da hannu, tunda ka san kowane juyi digiri nawa ne.

Mai Ɗab'i:
Ni aikina buga hoto a takarda ne, kuma ina da tambayar da ba na jin za ta yi wa kowa daɗi. Wannan gigafiksel ɗin, na mene ne? Fiksel 70,000 in ka buga a 300 kowane inci, takarda ce mai faɗin kusan mita 6. Wanda zai kalli abu mai mita 6 ja da baya yake yi, daga can kuwa rabin waɗannan ƙananan bayanan ma ba ya gani. Sannan an kawo min manyan fayiloli da yawa, in na zuƙo sai in tarar gine-ginen nesa suna rawa kamar an hango su ta cikin ruwa. Kawalwalniya ce. Iska mai zafi tana tashi daga rufi da kwalta, tana karkatar da haske. Fiksel ya cika fayil, amma babu komai a cikinsa. Ana ta tseren lamba kawai: Landan gigafiksel 320 a 2013, tsaunin Mont Blanc 365 a 2015 daga hoto 70,000. Wa ya taɓa kallon ko kashi ɗaya cikin ɗari nasu?

Malamar Lissafi:
Malam, maganar iska gaskiya ce, kuma ita ce iyakar da kuɗi ba ya ɗagawa. Daga wani tsawon gilashi, ƙari ba ya ƙara komai sai nauyin fayil. Shi ya sa sassafe kafin ƙasa ta ɗauki zafi, ko bayan an ɗauke ruwan sama, suka fi ko wane lokaci.

Amma ban yarda a auna irin wannan hoto da ma'aunin takarda ba. Shiga cikinsa ake yi, kamar taswira. Ana yanka shi ƙananan murabba'ai, mataki-mataki daga nesa zuwa kusa, mai kallo a intanet yana sauke abin da ke gaban idonsa ne kawai. Kayan aiki irin su krpano da OpenSeadragon wannan ne aikinsu. Dubi gidan tarihi na Rijksmuseum a Amsterdam: a 2022 sun fitar da hoton zanen Rembrandt, Night Watch, gigafiksel 717 daga hoto 8,439. Kowane fiksel mikromita 5 ne a jikin zanen. Masu kula da shi suna ganin tsagar fenti wadda ido ba ya gani, kuma suna da abin kwatantawa nan gaba in ta ƙaru. Wannan ai ya wuce tseren lamba.

Mai Ɗab'i:
Na zane na yarda, Malama, akwai dalili, kuma babu kilomitocin iska tsakanin kyamara da shi. Wanda nake ƙi shi ne mutum ya ɗauki hoto 500 na abin da 40 za su ishe shi, don dai a ce ya kai giga.

Tsohon Mai Hoto:
Ni ina tsakiyarku. Lokacin da Max Lyons ya fitar da hotonsa na Bryce Canyon a Amurka a 2003, hoto 196 daga kyamara mai megafiksel 6, ya haura gigafiksel ɗaya, abin da ya girgiza mu shi ne ashe ƙaramar kyamara da haƙuri za su yi abin da muke zaton sai babban fim. Har yau wannan ne yake riƙe ni a harkar. Amma kafin in hau ko'ina, nakan tambayi kaina mene ne mafi ƙanƙantar abin da nake so mai kallo ya gani. Ganyen itace ne? Rubutun allo? Amsar ita ke zaɓar min gilashi, gilashi kuma ya faɗa min yawan hotuna.

Mai Bibiya:
Ni ban taɓa ɗinka ko hoto biyu ba, karatu nake yi a gefe, amma wani abu yana damuna. An ce wa ɗan'uwanmu ya goge mota ɗaya, ya bar mutum a inda ya ga dama. To wannan hoto ne ko haɗi? Kuma in za a iya zuƙowa har cikin tagar mutane daga kilomita guda, su sun sani?

Ɗan Manhaja:
Tambaya ce mai nauyi, 'yar'uwa. Fanorama ta minti 40 ba ƙiftawar ido ɗaya ba ce, babu lokacin da garin ya kasance daidai yadda take nunawa. Hoton David Bergman na rantsar da Barack Obama a Janairun 2009, hoto 220 da na'urar GigaPan mai juya kyamara da kanta, megafiksel 1,474, shi ma mutanen gefen nan da na gefen can ba a daƙiƙa ɗaya aka ɗauke su ba. A ganina cire mota ta biyu gyara ne, domin mota ɗaya ce ta wuce. Ƙara abin da bai taɓa zuwa wurin ba, wannan ne ƙarya. Kuma a rubuta a ƙasan hoto cewa ɗinki ne, na hoto kaza, cikin minti kaza.

Tsohon Mai Hoto:
Maganar taga kuwa ba ta buƙatar muhawara a wurina. Wanda ya fito dandali ya san ana ganinsa. Wanda yake tsakar gidansa bai ba ka izini ba don kawai gilashinka ya kai can. Kafin in saki babban hoto, nakan bi shi murabba'i-murabba'i a cikakken zuƙowa, in dusashe tagogi, farfajiyar gidaje da lambar mota. Yakan ci min yini biyu, wani lokaci ya fi ɗinkin kansa daɗewa.

Sabon Hannu:
Na dawo da labari. Na koma yau da asuba, na fara da rana ta ɗan ɗaga. Na matsa zuwa ɗaya kusurwar rufin, eriya ta fita. Komai da hannu, f/8, na bi tsaye-tsaye, na gama cikin minti 14. Hugin ɗin dai na yi amfani da ita. Sama ta fito sumul, ban ga ɗinki ko ɗaya ba. Akwai wata hasumiya can ƙarshen gari, da ido kamar allura take, na zuƙo har na ƙirga matakan tsaninta, ga wasu tsuntsaye biyu zaune a kan na sama. Na daɗe ina kallonsu. Allah Ya saka da alheri, Baba, Malama, da kowa.

Saura abu biyu. Layin da ƙasa ta haɗu da sama ya ɗan yi doro a tsakiya, kuma gine-ginen da ke can gefe biyu sun yi faɗi kamar an ja su.

Malamar Lissafi:
Madalla, ƙanena. Faɗin gefe daga irin shimfiɗar da ka zaɓa ne. Ka bar manhajar ne a kan shimfiɗa mai miƙe layuka, ita kuwa da an doshi digiri 120 sai ta fara jan gefuna. Mayar da ita ta silinda, gine-ginen za su dawo siffarsu. Doron kuma alama ce cewa manhaja ba ta san ina ne daidai ba. Nemi dogayen gine-gine uku ko huɗu, ɗaya a hagu, ɗaya a tsakiya, ɗaya a dama, ka sa ɗigo a sama da ƙasan kusurwar kowanne, ka gaya mata layin tsaye ne, ka sake lissafi. Gwada a ƙaramin samfuri tukuna kafin ka saki kwamfuta a kan cikakken.

Tsohon Mai Hoto:
Kuma gobe in za ka koma, daidaita ƙafa-ukun da ma'aunin ruwa kafin ka ɗora kyamara, ka juya kan zagaye guda kana kallon kumfar. Turo mana wurin hasumiyar nan in ka gama, ina son ganin tsuntsayen.